Ranar da Na Kushe 'Yata Saboda Suwap

A garinmu, can ƙasar Katsina, mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya yabonsa a gaban jama'a, in kuma rigima ta haɗa shi da ɗan wani, bayan ɗan wani ake bi ko da naka ne mai gaskiya. Haka na taso na gani, haka na ɗauko abin na zo da shi Abuja tare da tabarmata da butata. Na yar da abubuwa da yawa a garin nan, har da haƙora biyu, amma wannan kunyar ban yar da ita ba. 'Yata ta fari ta girma a Zuba tana amsa "ke" da "wannan yarinyar". Ko a rubutun nan ba za ku ga sunanta ba.

Ni dillalin lemo da mangwaro ne a kasuwar kayan marmari. Karatuna aji uku, na ukun ma ban ga ƙarshensa ba, don malamin ya fi ni gudu amma na fi shi sanin hanyar rafi. In kun ga wani harafi ya kwanta a nan, ku tashe shi da kanku. Duk da haka ina cikin kwamitin ƙungiyarmu ta dillalai, ba don ilimi ba, don farin gemu da iya sa mutane dariya in taro ya yi zafi.

Ƙungiyar tana da ofis, kwantena biyu ne aka jera aka sa musu esi mai sanyaya ɗaki. A cikin ta ciki akwai wani baƙin akwatin ƙarfe mai gurnani dare da rana, shi ake kira saba. Duk motar kaya da ta iso, akawun bakin ƙofa zai shigar da lambarta a waya, da sunan mai kaya da dillalinsa, ya ɗauki hoton takardar kayan, sabar kuma ta ba shi wurin da motar za ta sauke. In sabar tana da lafiya, mota ba ta daɗewa a ƙofa. In ta fara jan ƙafa, sai layi ya miƙe har kan hanyar Kaduna, mangwaro yana dahuwa a rana cikin kwanduna. A kakar bara mun ga haka. Na zubar da mangwaron da ko akuya ta ƙi shinshinawa.

Yarinyar nan ta karanta kwamfuta, ta yi bautar ƙasa, ta dawo ta zauna tana sayar da katin waya a ƙofar gida har uwarta ta daina tambayarta labarin aiki. Da ƙungiya ta nemi mai kula da saba, ta kai takardunta ban sani ba, ni ma da na gan ta a ofis na yi kamar ban san ta ba. Ciyaman ya ɗauke ta gwaji. Ya ce a ga yadda kakar mangwaro za ta kasance, sannan a yanke ko ta zauna ko ta koma ga katinta.

Ita ce ta ce ciwon sabar ƙarancin ram ne. Aka sayo, aka kira injiniyan da ya kafa injin tun farko ya zo ya sa. Mutumin kirki ne, mai tumbi da haƙuri, Hausarsa irin ta Abuja, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Daga giga takwas aka kai ram ɗin sittin da huɗu. Kowa ya yi murna, har aka sayo lemon kwalba. Kafin kwalaben su ƙare, gardama ta tashi tsakaninsa da ita a kan wani abu wai shi suwap.

Da yamma a gida tana zaune tana tsince shinkafa, uwarta tana hura wuta, ni ina gefe ina murɗa rediyo. Na ce wa uwar, "Tambayi 'yarki, mene ne wannan suwap da suke ta da jijiyar wuya a kansa?"

Uwar ta ce, "Ga ta nan kusa da gwiwarka, amma sai an bi ta Kaduna. Ke, kin ji."

Yarinyar ba ta ɗago ba. Ta ce, "Umma, ram kamar teburin Baba ne a rumfa, kayan da ake ciniki yanzu a kansa suke, hannu kawai za ka miƙa. Faifan ajiya kuma sito ne, yana da girma amma sai an tashi an je. Suwap wani lungu ne da ake keɓewa a cikin siton, in tebur ya cika a tura rarar can kafin a samu sarari. Da tebur takwas ne, lungun sha shida. Injiniya ya ce dokar ita ce lungu ya ninka tebur biyu, wato yanzu ɗari da ashirin da takwas."

Ni kuwa a raina na ce, to ai haka ne. Duk wanda ya faɗaɗa tebur, kayansa ne suka ƙaru, dole ya faɗaɗa wurin rara.

Ta ci gaba. Ta ce wannan dokar ta zamanin da tebur yake ɗan mitsitsi ce. Yanzu da ya yi faɗi, rarar kaɗan ce, takwas ya isa. Ta ce in aka yanke ɗari da ashirin da takwas daga siton, abin da zai rage ba zai ɗauki hotunan takardun kakar bana ba, kafin mangwaro ya ƙare faifan zai cika, in ya cika kuwa ba jan ƙafa sabar za ta yi ba, tsayawa za ta yi cak. "Ranar kuma Injiniya yana can Wuse cikin gari, ni ce a gaban Ciyaman."

Uwar ta ce, "To ki bi na gaba mana ki huta."

"In na bi, a kore ni tsakiyar kaka. In na ƙi, a kore ni gobe."

Na ƙara wa rediyo murya don kada a ji numfashina.

Washegari Ciyaman ya tara mu 'yan kwamiti a kwantenar waje. Ciyaman mutumin Kano ne, mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma ya yarda da Injiniya kamar yadda ya yarda da agogon hannunsa. Injiniya ya yi bayani tsakani da Allah. Ya ce, "Alhaji, wannan yarinya yana da ƙoƙari, ban ce ba shi da shi ba. Amma in ram ya cika, suwap ma ya cika, injin zai fara kashe aiki da kansa don ya samu numfashi, kuma ba ya tambayar kowa wanne zai kashe. Zai iya kashe wanda yake riƙe da duk bayanan motoci. Ni ninki biyu aka koya mini, ban taɓa jin kunya da shi ba."

Ta miƙe ta yi nata bayanin. Ciyaman bai bari ta kai ƙarshe ba. Ya ce, "Yarinya, jiya-jiya kika zo. Mutumin nan shi ya haifi injin. In ba ki jin maganar na gaba tun kina gwaji, in an tabbatar da ke ai sai ki kulle mu a waje." Ya juya wajen Sakatare kamar zai ba da umarni, sai idonsa ya faɗo kaina. "Yauwa, Malam. Ga uban yarinya ma. Me ka ce?"

Kowa a wurin ya san irin gidan da na fito. In na ce tana da gaskiya, na yabi 'yar fari a gaban manya, kuma ba wanda zai saurara, za a ce uba ne. In na ce a bi Injiniya, na yi abin da aka san ni da shi, na kuma tura ta rami da hannuna. Ga shi ni kaina ban san wa ke da gaskiya ba, rabin zuciyata ma tana wajen mai tumbi.

Na gyara hula. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni za ka tambaya? Yarinyar da ba ta taɓa tuƙa tuwo babu gudaji ba? Taurin kan nan ba a wajena ta gado ba, ku binciki ɗaya ɓangaren. Amma ina roƙon arziki, kada ku sallame ta yau. In kun yi haka za ta ce an zalunce ta, ni kuma za ta ishe a gida da kumburin baki har damina. Ku bar ta ta sa takwas ɗin nata. Ranar da motocin mangwaron Binuwai za su sauko, abin ya faɗi a gaban kowa, ta gani da idonta. Ni da kaina zan riƙe mata jaka in raka ta bakin titi."

Dariya ta ɓarke. Ciyaman har da buga cinya. Ya ce, "Kai, Malam, ba ka da tausayi! To shi ke nan, an ba ta igiya. Injiniya, ka zo ranar ka tsaya kusa."

Ban kalli inda take ba, amma na ji lokacin da kujerarta ta motsa, na ji ƙofa ta rufe a hankali.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗin gidana ba. Yarinyar tana gaishe ni a durƙushe kamar kullum, amma gaisuwar ba gishiri. Uwar tana ajiye mini kwano, in na buɗe sai in tarar da miya babu ko ƙashi. Ta ce, "Ka ji daɗi, an yi maka dariya. Gudaji ko? Ɗaya ɓangaren ko?" In na ce dabara ce don a ba ta dama, ai na amsa cewa ina bayanta ke nan, wanda bakina ba zai iya furtawa ba. Sai na ci miyata haka. Da safe in na wuce ofis sai in leƙa ta taga in gan ta ta ƙura wa allo ido, ta rame. Tunanin da ya hana ni sakat shi ne, in abin ya faɗi fa? Ni na zaɓi ranar, ni na tara 'yan kallo.

Ranar ta zo da zafi tun da hantsi. Motocin Binuwai suka fara isowa a jere, ga na kankana daga arewa sun haɗu da su. Na bar wa abokin rumfata kayana na ce cikina ya ɓaci, na tafi ofis na zauna a bakin ƙofar kwantenar ciki, wai ina shan esi. Tana gaban allo, Injiniya yana tsaye a bayanta, Ciyaman yana shiga yana fita da waya a kunne.

A saman allon akwai layi biyu a kwance. Na ji tana gaya wa Ciyaman cewa na sama ram ne, na ƙasa suwap. Ni da ban iya karanta sunan magani ba, ranar na iya karanta waɗannan layukan. Na saman ya hau ya tsaya wajen rabi. Na ƙasan fayau, babu komai. Motoci suna shiga kamar ana zuba su da mazurari. Na fara jin yunwa, alamar hankalina ya soma dawowa.

Ana gab da azahar na ga na saman ya motsa. Ba tafiyar da yake yi ɗazu ba, wannan gudu ne. Ya wuce rabi, ya wuce inda ban taɓa ganinsa ba, ya je ya daki bango. Sai na ƙasan ya buɗe ido.

"Ya fara shiga suwap," in ji Injiniya, a hankali.

Wayar Ciyaman ta yi ƙara. Akawun ƙofa ne, har ni ina jin muryarsa: wayoyinsu juyawa kawai suke, ba sa ba da wuri. Wata wayar ta yi ƙara. Daga waje hon ɗin manyan motoci ya fara, ɗaya, sannan da yawa. Wani direba ya banko ƙofa, gumi ya jiƙe masa riga, ya ce, "Oga, wai me ke faruwa ne? Kayana suna ruwa a mota!"

"Uku cikin takwas," in ji Injiniya. Jim kaɗan, "Huɗu da rabi. Yarinya, ƙara shi yanzu. Ka iya ƙarawa ba sai an kashe injin ba, ka sani."

Ta ce, "Na sani, yallaɓai. Amma wani abu ne yake cinye shi. In na ƙara ban san ko mene ne ba, shi ma zai cinye."

"Ƙara dai tukuna!"

Ciyaman ya ce, "Ke! Ba ki ji abin da aka ce ba? Malam, ga abin da ka faɗa nan ya tabbata!" Direban yana nasa, wani dillali ya shigo yana nasa, wayoyi biyu suna kuka a hannun Ciyaman. Duk a kanta suke, kowa yana nuna allon da yatsa.

"Shida."

Sai na ga hannayenta sun bar kibod ɗin kwamfutar. Ta ɗora su a cinya. Idonta yana kan allon amma na san ba ganinsa take ba, don na san wannan kallon. Shi ta yi tana ƙarama ranar da ta ɓace a kasuwar nan, na same ta a tsakanin buhunan lemo, ba ta kuka, ba ta motsi. Ranar ma "ke" na ce mata.

"Bakwai. Alhaji, in ya cika ba ruwana."

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na ji sunan ya fito daga bakina, cikakke, da ƙarfi, kamar yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Tun daga ranar sunan ban taɓa jin sa a muryata ba sai a wannan lokacin.

Kowa ya waigo. Har direban. Ta juyo ta kalle ni kamar bango ne ya yi magana.

Na ce, "Ba su kika zo saurare ba. Yi aikinki."

Ta juya. Yatsunta suka hau kibod. Wani dogon jeri na ayyukan da ke cin ram ya fito a allon, ta ɗora yatsa a kan na farkonsa. Ta ce, "Wa yake fitar da rahoton duk motocin da suka taɓa shigowa, har da hotunansu? Daga kwamfutar Sakatare yake." Ba ta jira amsa ba, ta buga wani abu gajere, ta danna, ta tsayar da rahoton.

Layin sama ya faɗo kamar an sare shi, ya koma rabinsa. Na ƙasan ya tsaya inda yake, saura ƙiris ya taɓa bango, sannan ya fara ja da baya kaɗan-kaɗan. Can sai wayar Ciyaman ta sake ƙara, akawu ya ce ta dawo, suna shigar da motoci. Hon ɗin waje ya ragu. Direban ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya ya fita, ko sallama babu.

Ciyaman ya ƙwala wa Sakatare kira daga ɗaya kwantenar. "Wane ne ya ce ka fitar da wannan abu a tsakiyar kasuwa?"

Sakatare ya sosa ƙeya. "Kai ne, ranka ya daɗe. Da safe ka ce tunda an sa sabon ram, a fito maka da komai ka gani."

Ciyaman ya duba wayarsa da kyau, ko da yake ba ta yi ƙara ba.

Injiniya ya jawo kujera ya zauna, ya share fuska. Ya ce da ɗari da ashirin da takwas ne, da rahoton ya ci gaba da ci, injin yana rarrafe har la'asar, gara da aka tare shi da wuri. "Amma takwas ɗinka ya yi kaɗan, yarinya. Ka ga inda ya kai." Ta ce ta gani. Ta ce in an tashi kasuwa za ta mai da shi sha shida, ta kuma sa wa rahoton iyakar abin da zai iya ci. Ya ce, "To ai ninki biyu ɗin ke nan, naka ka ninka," ya yi dariya har tumbinsa yana rawa. Ita ma ta ɗan yi.

Ciyaman bai ce an tabbatar da ita ba, ba ya cikin masu irin wannan magana. Ya zaro makullin kwantenar ciki daga cikin nasa, ya ajiye kusa da kibod, ya ce, "Gobe ki zo da wuri, ni ba zan riƙa tashi buɗe miki ƙofa ba." A bakin ƙofa ya tsaya kaina. "Malam, ashe ka san sunan?"

Na ce, "Tari ne ya sarƙe ni, ranka ya daɗe."

Kafin in isa rumfata labari ya riga ni. 'Yan dako suna ce mini, "Baba, a sake tarin nan mu ji." Abokin rumfata, wanda garinmu ɗaya, ya kalle ni ya girgiza kai ya ce Abuja ta gama da ni. Ban musa ba.

Da yamma ina gefe ina murɗa rediyo, ita ce ta kawo kwanon da kanta ta ajiye a gabana. Ta koma kusa da uwarta ta zauna, makullin yana ɗaure a bakin mayafinta. Ta ce, "Umma, tambayi mijinki, jakar da ya ce zai riƙe mini, yaushe za mu tafi bakin titin?"

Uwar ta ce, "Ka ji."

Na buɗe kwano. Nama har uku, ga tuwo sumul. Na gutsura na juya shi a hannu, na nema na nema.

Na ce, "Gaya wa wannan yarinyar na samu gudaji ɗaya."